Gudu da ɗaga ƙarfe da sassafe ba a karya ba: riba ko wahalar banza?

Sabon Shiga:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ba ni da lokacin motsa jiki sai da sassafe, daga biyar da rabi zuwa bakwai saura, domin in na taso aiki da yamma a gajiye nake liƙis. Tsarina shi ne in tashi, in kurɓi ruwa, in yi gudu na rabin awa, sannan in koma kan ƙarfe. Ba na sa komai a baki sai na gama. Wani ya ce min haka ne ke narkar da tumbi da wuri, wani kuma ya ce tsokata nake cinyewa da kaina. Abin da ya fi damu na shi ne in na zo tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, a seti na uku, wato zagaye na uku na tsugunnon, nakan ji jiri, idona ya riƙa yin duhu-duhu. In ci gaba a haka, ko in riƙa cin wani abu tukuna?

Mai Damatsa:
Wa'alaikumussalam. Ci gaba abinka ƙanena, jirin nan na sabon shiga ne, zai wuce. Dubi masu gasar ƙirar jiki, duk wanda ka ga cikinsa a shafe, tafiyar asuba yake yi ciki ba komai. Lissafin a fili yake: da dare jiki ya ƙone abin da ka ci, in ka fito da safe babu abin da zai taɓa sai kitse. Ka ci abinci kuwa, abincin zai ƙona ya bar maka tumbinka.

Ɗan Lissafi:
Oga Mai Damatsa, rabin maganarka gaskiya ce, kuma rabin ne ke ruɗar mutane. Tabbas in ka yi gudu ko keke ba ka karya ba, insulin ɗinka, wato sinadarin da ke daidaita sukarin jini, yana ƙasa, kitsen da ke ajiye yana sakin jiki cikin sauƙi, don haka kaso mafi girma na man da kake ƙonawa a wannan lokacin kitse ne. An auna wannan sau da yawa. A 2016 wasu masu bincike sun tattara gwaje-gwaje 27 suka haɗa sakamakonsu, suka ga bambancin yana nan. Amma nawa ne? Kimanin giram 3 na kitse a zaman motsa jiki ɗaya. Giram 3 fa. Kilo ɗaya giram 1,000 ne.

Kuma ko shi ɗin ba naka ba ne har abada. Jiki yana rama lissafinsa cikin yini: wanda ya ƙona kitse da yawa da safe yakan karkata ga sukari daga baya, wanda ya ƙona sukari da safe yakan karkata ga kitse. Kamar mai aljihu biyu ne, ko daga na dama ka biya ko daga na hagu, in dare ya yi abin da ya rage maka ya dogara ne da nawa ya shigo da nawa ya fita.

Mai Damatsa:
Wannan lissafin takarda ne malam. Mu a jikinmu muka gani.

Ɗan Lissafi:
To ga na jiki. A 2014 Brad Schoenfeld da Alan Aragon da abokan aikinsu a Amurka sun ɗauki mata matasa 20, suka rage wa kowacce abinci daidai wa daida, suka sa su tafiyar injin gudu awa ɗaya, sau 3 a mako, har mako 4. Rabi suna shan abin ƙarin kuzari kafin su hau, rabi sai sun sauko. Duka ɓangarorin sun rage nauyi, sun rage kitse, kuma ba a sami bambancin a zo a gani tsakaninsu ba. Masu gasar da kake magana a kansu, abincinsu ne a aune na tsawon watanni. Shi ya shafe cikin. Tafiyar asubar ta samu suna ne kawai saboda ita ake gani.

Dattijon Gudu:
Yarana, ni na haura sittin, kuma tun ina saurayi ba na gudu da abinci a ciki. Ba don tumbi ba. In na ci ko loma biyu ce na fita, sai ta tsaya min a ƙirji, gefen cikina ya riƙa suka. Ciki ba komai jikina ya fi sauƙi. Amma abin da nake yi sassarfa ce, irin wadda zan iya gaisawa da mutum ina tafe ban yanke numfashi ba, kuma ba na wuce minti arba'in zuwa hamsin. Ranar da zan yi doguwa, wadda za ta haura awa, to sai na ci wani abu. Wanda ya tambaya ba sassarfa kaɗai yake yi ba, ƙarfe yake ɗora wa kafaɗarsa bayan ya gama gudu. Wannan wani batu ne daban.

Koci:
Baba ya taɓo inda matsalar take. Sabon Shiga, kafin a je ga maganar ci ko rashin ci, tsarinka ne a juye. Ka kwashe rabin awa kana gajiyar da cinyoyinka da gudu, sannan ka ce su tsugunna da nauyi. Ko da ka ci ka ƙoshi, seti na uku zai ba ka wuya. In ƙarfi da tsoka kake nema, ƙarfe ne farko, gudu ya biyo baya. Ɗumama jiki na minti biyar zuwa goma ya isa kafin ƙarfe. In da hali ma raba su: yau ƙarfe, gobe gudu.

Sannan ina da tambayoyi. Ƙarfe nawa kake cin abincin dare, kuma me kake ci? Ruwa nawa kake sha in ka tashi? In kana tsugunnon, kana riƙe numfashi har ka gama sawu biyu uku, wato sauka da tasowa sau biyu uku, ko kana sabunta shi kowane sawu?

Sabon Shiga:
Na gode Koci. Abincin dare wajen bakwai nake ci, kuma ɗan kaɗan ne, don na ji an ce cin dare ke kawo tumbi. Ruwa kurɓa biyu uku. Numfashi kam gaskiya ina riƙewa, in ya yi nauyi har sai na ajiye nake saki.

Koci:
To ka gani. Daga bakwai na dare zuwa shida na safe awa 11 ke nan, a kan abinci ɗan kaɗan, ba ruwan kirki, ga gudu, ga riƙe numfashi. In ka riƙe numfashi ƙarƙashin nauyi hawan jininka yana yin sama sosai, da ka ajiye ka saki sai ya faɗo da sauri, jini ya taru a ƙafafu, ƙwaƙwalwa ta ɗan rasa nata na daƙiƙoƙi. Duhun idon nan ke nan a mafi yawan lokuta. Ka ja numfashi a sama, ka ɗaure ciki, ka sauka, ka taso, ka fitar, ka sake ja. Kowane sawu da numfashinsa. In ka ajiye ƙarfen kada ka tsaya ƙiƙam wuri ɗaya, ka ɗan taka. Kuma ka sha ruwa kofi ɗaya zuwa biyu da zarar ka tashi.

Maganar cin dare na kawo tumbi, ga mai ɗaga ƙarfe da asuba abincin dare shi ne mansa. Kada ka rage shi, ka rage a wani wajen in ragewar kake so.

Malamar Jinya:
Ku yi haƙuri in shigo. Ban ji daɗin yadda aka ce jiri zai wuce ba. Wataƙila ya wuce, amma mutum da ƙarfe a wuya ba wurin gwaji ba ne. Ɗan'uwa, in ka gyara abubuwan da Koci ya faɗa kuma jirin bai daina ba, je a auna jininka da sukarinka, a duba ko kana da ƙarancin jini. In kuwa ya taɓa zuwa da ciwon ƙirji, ko bugun zuciya ba bisa ƙa'ida ba, ko ka taɓa faɗuwa sumamme, ka dakata da komai sai likita ya gan ka.

Sannan ga masu karatu a ɓoye da ke da ciwon sukari, wannan muhawarar ba taku ba ce kai tsaye. Mai allurar insulin, ko mai shan ƙwayoyin ciwon sukari irin su glibenclamide, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da 70 a ma'aunin miligiram, wato 3.9 a ɗaya ma'aunin. Alamunsa karkarwa, gumi mai sanyi, yunwa mai tsanani, ruɗewa. Maganin gaggawa giram 15 na sukari, a jira minti 15, a sake aunawa. Mai shan metformin kaɗai ba kasafai hakan ke faruwa da shi ba. Kowa dai ya tsara da likitansa, ya fita da abin aunawarsa da wani abu mai zaƙi a aljihu. Haka mai juna biyu.

Mai Damatsa:
Anti na karɓi gyara a kan jirin. Amma har yanzu ban yarda babu wata riba a ciki ba. Haka kawai mutane za su yi ta yi shekara da shekaru?

Ɗan Lissafi:
Ai ban ce babu ba, cewa na yi ba a tumbi take ba. Akwai bincike biyu da suke gefenka. A 2010 a Jami'ar Luben ta Beljiyam an ɗura wa samari abinci mai maiƙo, fiye da bukatarsu da kashi 30 cikin 100, har mako 6. Waɗanda ba sa motsa jiki sun ƙara wajen kilo 3. Masu motsa jiki bayan sun karya sun ƙara kusan kilo ɗaya da rabi. Masu yi kafin su karya ƙarin nasu bai kai kilo ba, kuma jikinsu ya fi sarrafa sukari. Sai kuma na Jami'ar Bath a Ingila da ya fito a ƙarshen 2019: maza 30 masu ƙiba, mako 6 na tuƙa keke. Masu yi kafin kari sun ninka kitsen da suke ƙonawa lokacin atisayen, kuma jikinsu ya ƙara jin insulin. Amma a kan sikeli, su da masu karyawa tukuna ba su bambanta ba.

Don haka in mutum ya ce min yana sassarfar safe ciki ba komai domin lafiyar sukarinsa, zan ce akwai alamar hujja, duk da mutanen da aka gwada kaɗan ne kuma maza ne zalla. In ya ce domin tumbi ne, zan ce ya duba farantinsa.

Uwar Biyu:
Ni tambayata ta ɗaya gefen ce. Maigidana kullum faɗansa shi ne wai in na ɗaga ƙarfe ban ci ba jikina zai cinye tsokar da nake wahalar ginawa. Ni kuma in ban yi kafin yara su tashi ba, shi ke nan ranar ta wuce. Da gaske ne?

Ɗan Lissafi:
Hajiya, tsoron ya fi abin girma. Sukarin da jiki ke ajiyewa, wanda ake kira gilaikojin, wuri biyu yake: kimanin giram 100 a hanta, kimanin giram 400 a tsoka. Da dare na hanta ne ke raguwa, domin shi ke ciyar da jini da ƙwaƙwalwa kina barci. Na tsoka ba ya iya fita zuwa cikin jini, yana nan inda kika bar shi jiya sai tsokar da kanta ta yi aiki da shi. Shi ya sa cewa da safe babu komai a jiki sai kitse ba daidai ba ne, kuma shi ya sa mutum zai iya ɗaga ƙarfe na minti arba'in lafiya lau bai karya ba, muddin ya ci abincin dare na kirki.

Labarin cinye tsoka yana da tushe. A 1980 Lemon da Mullin sun auna cewa mutumin da aka ƙarar masa da gilaikojin da gangan, kusan kashi 10 na kuzarinsa a awa ɗaya na keke daga furotin ya fito. Amma ƙarar da shi aka yi, ba barcin dare ɗaya ba ne. Abin da ke riƙe tsoka shi ne jimillar furotin ta yini, wajen giram 1.6 a kowane kilo na nauyinki. In kina da kilo 60, giram 96 ke nan, a rarraba cikin abinci uku ko huɗu.

Koci:
Ƙari a kan wannan, Hajiya: tun da ba ki ci kafin ba, kada ki ja lokaci bayan kin gama. Wanda ya ci kafin atisaye zai iya jinkirtawa, abincin na nan yana aiki a jininsa. Ke kuwa rabonki da abinci tun jiya. Cikin awa ɗaya ki samu giram 20 zuwa 30 na furotin. Ƙwai ɗaya wajen giram 6 ne, kofin madara wajen 8, sai ki yi lissafi. Abin da na fi gani ga iyaye mata shi ne a gama atisaye, a shiga hidimar yara, a fita aiki, sai azahar a tuna ba a karya ba. Wannan ne ke hana ci gaba, ba rashin ci kafin ba.

Malamar Jinya:
Kuma 'yar'uwa ki lura da al'adarki. In mace ta haɗa atisaye mai yawa da abinci kaɗan har al'ada ta fara tsallake wata ko ta ɗauke, jiki ne ke cewa abincin bai isa ba, kuma ƙashi ne ke biyan bashin daga baya. Ba abin murna ba ne ko da sikeli na sauka.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai. Lallai ranar sai sha ɗaya nake tunawa da kari. Zan nuna wa maigidan wannan.

Ɗan Tsugunno:
Ni dai ba na jayayya da kowa, amma in ban ci ba nauyin da nake yi sawu goma da shi da yamma, da safe da ƙyar nake kai takwas. Wannan ba zato ba ne, a rubuce yake a littafina.

Ɗan Lissafi:
Abu biyu ne suka haɗu maka. Na farko ba na abinci ba ne: ƙarfin mutum ya fi kaiwa ƙololuwa da yamma, lokacin da zafin jiki ya fi hawa, da asuba kuwa yana ƙasa. In ka dage da safiyar na wasu makonni giɓin yana raguwa, kuma da aka kwatanta masu atisayen safe da na yamma, girman tsokar da suka samu kusan ɗaya ne.

Na biyun na abinci ne, kuma akwai abin dariya a ciki. A 2019 an gwada maza 16 da suka saba ɗaga ƙarfe kuma suka saba karyawa. Ranar da aka ba su ruwa zalla, sawunsu na tsugunno ya ragu da kashi 15, na benci, wato tura ƙarfe sama ana kwance, da kashi 6. Sai masu binciken suka sake gwaji a 2020, wannan karon suka haɗa wani abu mai kauri da ke cika ciki amma kusan babu kalori a cikinsa, ba su gaya musu ba. Masu shan wannan sun yi sawu kamar waɗanda suka sha na gaske mai sitaci, duka biyun sun fi masu ruwa zalla a tsugunno. Wato ba man ne ya ƙare ba, yunwar ce ke karya gwiwa. Don haka in kai mai jin yunwa ne da safe, ayaba ɗaya ko rabin kofin madara minti ashirin kafin ka fara na iya maido maka da sawunka biyun. Ba sai ka zauna ka ci ka ƙoshi ba.

Ɗan Tsugunno:
Ashe cikin ma ana yi masa wayo. Zan gwada ayabar.

Dattijon Gudu:
Ba wanda ya yi maganar baya. Ni abin da ke ba ni tsoro da samarin nan shi ne a sauko daga gado ido bai gama buɗewa ba a sunkuya a fizgi ƙarfe daga ƙasa.

Koci:
Gaskiyarka Baba. Faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna shan ruwa da dare in mutum na kwance, har mutum yakan fi tsawo da safe da fiye da santimita ɗaya. A kumbure suke, don haka sunkuyo ya fi matsa musu a wannan lokacin. Stuart McGill, masanin ƙashin baya na Kanada, ya daɗe yana ba da shawarar a guji sunkuyo mai nauyi a awar farko bayan tashi. Abin da nake sa mutanena: su tashi, su yi tafiya da 'yan hidimominsu, su fara da benci ko jan sama, ɗagawa daga ƙasa ta zo can tsakiya ko ƙarshe. Kuma a hau nauyin a hankali, seti uku huɗu marasa nauyi kafin na gaske.

Mai Damatsa:
Kofi fa? Ko shi ma za ku ce ba ya aiki?

Ɗan Lissafi:
Wannan yana aiki, Oga. Miligiram 3 na kafeyin a kowane kilo ya isa a ji bambanci, wato wajen 210 ga mai kilo 70, kofi biyu ke nan tun da kowanne yana da 80 zuwa 100. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta sa iyakar babba mai lafiya a miligiram 400 a yini, mai juna biyu 200. Yakan ɗauki rabin awa zuwa awa kafin ya kama jiki sosai.

Malamar Jinya:
Mai gyambon ciki ko ƙwannafi ya yi hattara da shi ciki ba komai. Kuma garin nan na gwangwani da ake sha kafin atisaye, a karanta jikinsa, wani cokali ɗaya ya kai kofi uku.

Sabon Shiga:
Allah ya saka wa kowa. Zan mai da ƙarfe farko, in ƙara abincin dare da ruwa, in gyara numfashi. In jirin bai tafi ba zan je awo kamar yadda Anti ta ce.

Koci:
Madalla. Tambaya ɗaya da na manta: ƙarfe nawa kake kwanciya?

Sabon Shiga:
Sha biyu, wani lokacin sha biyu da rabi. Waya ce.

Koci:
Kai! Awa biyar ke nan. Mun ɓata yini muna gardamar ayaba.

Ɗan Lissafi:
A 2010 a Jami'ar Shikago an rage wa mutum 10 abinci na kwana 14, sau biyu: sau ɗaya da awa 8 da rabi a gado, sau ɗaya da awa 5 da rabi. Nauyin da suka rage kusan ɗaya ne, wajen kilo 3. Amma a lokacin gajeren barcin, kitsen da ya tafi ya ragu da kashi 55, abin da ya tafi na naman jiki ya ƙaru da kashi 60, ga yunwa ta ƙaru. Mai tashi biyar ya kamata goma ta same shi a kwance.

Mai Damatsa:
Goma? Lokacin ne ma zauren nan ke cika.

Shugaban Zaure:
Maganar barci ta cancanci nata zaren, Ɗan Lissafi ka buɗe mana gobe. Wanda ya turo tallar maganin narkar da tumbi ɗazu, na goge, in ya sake zan cire shi.